Takubban Gidan Jatau

A zamanin Sarki Nomau ɗan Gwamma, mai Birnin Tulla da ƙauyukanta, an yi wani Galadima da ake kira Arzika. Dattijo ne mai kaifin tunani, kuma ya san yana da shi, wanda shi ne babban aibinsa. Shekara da shekaru in ya ba da shawara a fada ba a mayar masa da ita, har ya kai ga ba ya sake juya maganar da ta riga ta fita daga bakinsa.

Ran wata Laraba da hantsi, kaka ta yi, an gama kai amfanin gona gida, sai ga manzo daga bakin Kogin Maje ya faɗi gaban Galadima, ƙafafunsa duk sun farfashe. Ya ce, "Allah ya ja kwanan Galadima. Sarkin Ruwa ne ya aiko ni. Rundunar Ganjara ta fara haye kogi tun shekaranjiya, dakaru da barade, har na taho ba a ga ƙarshensu ba. Mun kashe ɗan leƙen asirinsu guda, ga abin da muka samu a jikinsa."

Ya miƙa takobi naɗe cikin buzu. Galadima ya zare shi, ya juya shi a hasken rana, sai gabansa ya faɗi. Ba yawan rundunar ba ne ya tayar masa da hankali, don Ganjara da Tulla sun saba gwabzawa tun kakanni. Wata 'yar alama ce ya gani kusa da mariƙi, zane uku kamar sawun zabo. Duk wanda ya yi wayo a Tulla ya san ta. Alamar Bagudu ce, maƙerin Unguwar Tama, wanda ya kwashe iyalinsa ya bar birnin shekara biyar da suka wuce.

A nan sai an koma baya kaɗan. Da can gidajen maƙera tara ne a Tulla, kuma ba sa ga maciji da juna. Akwai al'adar da ake kira karon takubba. Kowace shekara bayan kaka kowane gida yakan tara takubbansa a ƙofar fada, a ɗaure wa dogari ido da rawani, ya lalubo ɗaya daga tarin wannan gida, ɗaya daga tarin wancan, ƙarti biyu su kara su baki da baki har sau uku. Wanda ya lanƙwashe ko ya karye, gidan da ya ƙera shi ba zai ga aikin Sarki ba a shekarar, kuma matan gari za su yi ta yi masa waƙa a bakin turmi har damina ta faɗi. Maƙeran Tulla sun fi tsoron waƙar nan fiye da talauci. Saboda haka babu wanda yake yarda takobi ɗaya ya fita daga maƙerarsa bai gamsu da shi ba, don bai san wanda hannun dogari zai faɗa a kai ba.

Shekarar da aka yi wani dogon yaƙi makamai suka yi ƙaranci, kuma a lokacin wani maƙeri mai suna Jatau ya ci karo shekara uku a jere. Galadima Arzika ya tashi a fada ya ce don me za a raba ƙarfi gida tara, a ɗauki wanda ya fi a ɗaga shi. Magana ta yi wa Sarki daɗi. Aka naɗa wa Jatau rawanin Sarkin Maƙera, aka ba shi dajin kirya na Sarki ya riƙa ƙona gawayi kyauta, aka buɗe masa ramin tama, aka ba shi bayi arba'in masu zuga, aka ɗauke masa haraji. Ba a hana kowa ƙira ba, kuma Galadima yana son nanata wannan duk inda ya zauna. Amma mutumin da zai sayi gawayi, ya sayi tama, ya biya haraji, ina zai kamo wanda aka ba duka a banza? Jatau ya riƙa sayar da fartanya da lauje a rabin kuɗin da sauran suke kashewa kafin ma su ɗaga masaba. Wuta ta riƙa mutuwa gida bayan gida, maƙera suka watsu, yawancinsu suka haye kogi zuwa Ganjara.

Bagudu shi ne na ƙarshe. Kafin ya tafi sai da ya zo zauren Galadima ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ban zo roƙon kyauta ba. A ba ni gawayi yadda ake ba Jatau, ko kuwa Jatau ya saya yadda nake saya. Daga nan a bar mu da masaba, wanda ya fi ya ci."

Galadima ya ce masa, "Kasuwa a buɗe take, Bagudu, babu wanda ya riƙe maka hannu." Ya ji daɗin amsar nan ƙwarai a ranar, har ya maimaita wa fadawa ita.

Ba a daina karon takubba ba, don Tulla ba ta wasa da al'ada. Sai dai yanzu tari ɗaya ne a ƙofar fada. A lalubo takobin Jatau, a lalubo wani takobin Jatau, a kara su, babu wanda ya ci wani, mata su rangaɗa guɗa, a watse. Galadima ya sha jin manoma suna ƙorafin cewa fartanyar yanzu tana naɗewa in ta gamu da ƙasa mai tauri, har wasu suna sayen ta Ganjara a ɓoye. Ya toshe kunne, ya ce manomi ba ya rabuwa da kuka. Yau da takobin Bagudu a hannunsa ya tuna duk ƙorafin nan ɗaya bayan ɗaya, ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba tun da aka naɗa shi.

Ya sa aka ɗaura masa sirdi ya nufi fada. Yana isa ya tarar labari ya riga shi, Sarki ya ba da umarni a buga tambarin yaƙi. Sarkin Tambari ya ɗaga hannu ya buga sau ɗaya, ya sake bugawa, sai fatar ta tsage daga baki zuwa baki. Nan da nan wani bafade mai saurin baki ya ce ai wannan alama ce ta yadda za a keta rundunar Ganjara, kowa ya yi maza ya yarda, don babu mai son ɗaya fassarar.

Majalisa ta zauna. Sarki Nomau yana bisa karaga, dogarai a tsaye, hakimai kowa a mazauninsa. Madawaki Barau, shugaban barade, shi ya fara faɗuwa ya yi gaisuwa. Jarumi ne na gaske, marar kwana-kwana, irin mutanen da suke ɗaukar jira a matsayin zagi.

Ya ce, "Allah ya ba Zaki nasara. Mutanen Ganjara sun gaji da tafiya, rigunansu ba su bushe daga ruwan kogi ba. A ba ni izini in tare su a Fadamar Gawo kafin su huta. Ɗakin makamai cike yake har rufi, ba a taɓa samun Sarkin Tulla mai yawan takubbanka ba. In muka zauna cikin ganuwa za su ƙone rumbunan talakawa muna kallo daga bisa, kuma ni ban san da fuskar da zan dubi matan ƙauye ba."

Dogarai suka ce, "Sarki ya gaishe ka, Madawaki."

Sai Galadima ya matso, ya warware buzu, ya ajiye takobin a gaban karaga. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki. Madawaki ya faɗi yawan takubbanmu, bai faɗi ƙarfinsu ba, kuma ba laifinsa ba ne, don babu wanda ya sani. Shekara biyar ke nan takobin Tulla bai gamu da baƙon ƙarfe ba. Wannan na Bagudu ne, a jikin mutumin Ganjara aka cire shi. Irinsa ne a hannun waɗanda suke haye kogi. Ina roƙon Zaki, kafin a buɗe ƙofa a fitar da 'ya'yan mutane, a yi karo da shi."

Sarkin Maƙera Jatau yana zaune can gefe cikin riga mai aska, ya yi ƙiba, ƙamshin turare ya daɗe da korar warin gawayi daga jikinsa. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Zaki, tun kakanni karo tsakanin maƙeran Tulla ake yinsa. Ba a taɓa shigo da takobin maƙiyi filin fada ba. Amma don kada a ce na ji tsoro, na yarda."

Ya aika gida aka kawo takobi cikin kube mai ado. Aka fita filin fada, ƙarti biyu suka tsaya, suka kara shi da na Bagudu sau ɗaya, wuta ta yi tartsatsi. Suka sake, suka kuma. Aka duba, kowane takobi ya sami ɗan giɓi kamar na haƙorin ɓera, babu wanda ya lanƙwashe. Fadawa suka ɗauki sowa, masu kirari suka yi ta zuba wa Jatau.

Galadima bai yi sowa ba. Ya karɓi takobin Jatau ya duba, ya ga fatar mariƙin ta yi baƙi don tsufa. Takobi ne na ƙwarai, babu shakka, amma an ƙera shi tun lokacin da Jatau yake tsoron waƙar mata.

Da aka koma ciki ya ce, "Zaki, ba haka al'ada ta ce ba. Maƙeri ba ya zaɓen takobin da za a gwada. A ɗaure wa dogari ido, a kai shi ɗakin makamai, ya lalubo daga cikin waɗanda za a raba wa dakaru."

Gumi ya keto wa Jatau a ƙarƙashin rawani, amma bakinsa bai mutu ba, don abin da ya bari na ƙira ya koya na zaman fada. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, duk takobin da ke ɗakin nan da gawayin Sarki aka hura wutarsa, da tamar Sarki aka narka shi, bayin Sarki suka zuga. Ni hannu kawai na sa. Wanda ya ce a gwada su, ba Jatau yake so a gwada ba."

Maganar ta shiga inda aka aike ta. Sarki Nomau ya dubi Galadima, sa'an nan ya yi magana da kansa, ba ta bakin kowa ba. Ya ce, "Galadima, kai ka kawo mini Jatau. Kai ka ce in ba shi daji, in ba shi rami. Shekara bakwai ina ciyar da maƙerar nan. Yau maƙiyi yana bakin kogi, tambari ya tsage a gaban jama'a, kana so kuma in tsaya a filin fada in nuna wa dakaruna ban san abin da zan ba su ba? In takobin ya tsaya, na zubar da girmana a banza. In ya lanƙwashe, wa zai fita yaƙi gobe?"

Galadima ya sunkuyar da kai, ya faɗi abin da ba a taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce, "Ni na ba da shawarar, Zaki, kuma na yi kuskure. Na ga Jatau ya fi kowa, ban lura cewa sauran takwas ɗin ne suke sa shi ya fi ba. In ba za a gwada ba, to kada a fita. A shigo da talakawa da hatsinsu, a rufe ƙofofi. Ganuwarmu ba a taɓa cinta ba."

Fadawa suka dubi juna. Jin Galadima ya ce ya yi kuskure ya fi tsagewar tambari ba su tsoro. Amma Sarki ya riga ya yanke. Ya ce Madawaki zai fita da safe, Galadima kuma zai bi shi, tunda Galadima da idonsa kawai yake yarda, ya je ya gani.

Rundunar Tulla ta isa Fadamar Gawo kwana biyu bayan haka, rana ta ɗaga. Galadima yana bisa wani tudu tare da masu tuta, takobin mahaifinsa a rataye, tsohon aiki na Unguwar Tama. Ya so ya ba wani saurayi daga cikin dakaru, ya rasa wanda zai zaɓa cikin dubu, sai ya bar shi a kafaɗarsa yana jin kunya.

Da fari abin ya yi kyau. Madawaki ya auka wa gefen dama na Ganjara kafin su gama jera sahu, ya tura su har cikin laka. Ƙarfin doki da zafin zuciya suka yi aikinsu, masu tuta suka fara murna. Sai aka zubar da masu aka zare takubba, a nan ne gaskiya ta fito. Galadima ya ga wani dakare ya kai sara, mutumin Ganjara ya tare da nasa, takobin Tulla ya naɗe kamar ɗanyen kara. Ya ga wani ya ja da baya, ya sa takobinsa a ƙasa yana taka shi da ƙafa don ya miƙe, aka sare shi yana sunkuye. Ya duba hagu, ya duba dama, ko'ina mazaje ne a sunkuye suna taka ƙarfe, mazajen da ya san iyayensu. Kiban Tulla ma suna bugun lifidin mutanen Ganjara suna zubowa, bakinsu ya murɗe.

Madawaki Barau ya canja takobi uku a ranar. Da na ukun ya lanƙwashe sai ya jefar, ya kama wani barde da hannu suka faɗo tare daga bisa dawaki, ba a sake ganin ya tashi ba. Kafin azahar runduna ta karye. Galadima, tsohon da aka aiko kallo, shi ya tattara waɗanda suka rage ya juyo da su, hawaye na bin gemunsa, bai damu da wanda ya gani ba. Abu ɗaya ya riƙe a ransa duk tsawon hanya, shi ne ganuwa. In aka rufe ƙofofi za a iya jurewa har damina ta kori Ganjara.

Suka shiga birni da la'asar ta washegari, rundunar Ganjara tana bin sawunsu, aka rufe Ƙofar Gabas a bayansu, aka sa sakata. Galadima bai je gida ba. Ya wuce fada da ƙurar hanya a jikinsa, ya zube takubba uku a gaban karaga, kowanne a naɗe. Babu dogarin da ya ce Sarki ya gaishe shi.

Sarki Nomau ya dube su, ya sa aka kawo Jatau. Ya ce, "Sarkin Maƙera, ba yau zan yi maka hukunci ba, don ina bukatarka. Gawayi yana nan, tama tana nan. Ganuwa za ta ba mu kwanaki. Ka tuɓe rigar nan ka koma maƙera, ka ƙera mini irin wanda ka kawo ranar karo, ko ɗari biyu ne."

Jatau ya faɗi ƙasa, ya miƙa tafukan hannunsa biyu. Sumul suke, babu kanta ko ɗaya. Ya ce, "Zaki, shekara shida rabona da masaba. Wancan takobin shi ne na ƙarshe da na ƙera da hannuna. Tsofaffin da suka san zaɓen tama da fitar da kashinta sun bi Bagudu, don a wajena ba a tambayarsu komai. Bayi ne suke bugawa, ni kuwa ina ce musu su yi sauri. Babu wanda ya taɓa dawo mini da takobi."

Sarki ya juya ga Galadima ya ce, "Duk faɗin Tulla, wa ya rage da zai iya?"

Galadima ya ce, "Babu kowa, ranka ya daɗe. Amma kada zuciyar Zaki ta karaya. Akwai hatsi a rumbunan birni, rijiyoyi suna ciki. Ko da sanduna da duwatsu ne za mu tsare bisa ganuwa, muddin ƙyauren Ƙofar Gabas yana tsaye."

Yana rufe baki sai ya ga Jatau ya ƙara dunƙulewa, ya kifa goshi a ƙasa. Galadima ya matsa kusa da shi, ya yi tambaya a hankali, kamar mai tsoron a ji.

"Jatau, sakatar ƙofar nan da ƙusoshin ƙyaurenta, aikin wa ne?"

Jatau bai ɗago ba. Ya ce, "Na da sun yi tsatsa, ranka ya daɗe. Bara ka ba da umarni a cire su a sabunta."

"A wane gida?"

"Gida ɗaya ne a Tulla, Galadima."

Daga can gabas aka ji wani bugu mai nauyi, na gungumen itace a jikin ƙyaure. Sarki Nomau ya miƙe tsaye daga bisa karaga, aka sake bugawa.